Waƙoƙin da Suka Yi Kwantai: Yadda Masu Tara Tsofaffin Fayafayai Suka Dawo da Sunayen da Aka Manta

Maƙalarmu ta wannan makon tarihi ce, kuma za ta kai mu Amurka ta shekarun 1960, daga can mu ratsa ta Ingila da Jafan. Za mu duba waƙoƙin ƙungiyoyin 'yan mata na wancan zamani, da wasu tattausan waƙoƙi da suka biyo bayansu, waɗanda da yawansu suka yi kwantai tun ranar da aka kai su kasuwa. Za mu kuma duba mutanen da suka ƙarar da kuɗinsu da ƙuruciyarsu wajen farautar waɗannan fayafayai a rumbunan kaya da shagunan gwanjo. Abin da ya ja hankalinmu a labarin guda ne: kasuwa da kamfani su suka fara rubuta tarihin wannan kiɗa, kuma sun bar sunaye da yawa a waje. Masu tara faifai ne suka zo daga baya suka cike gurbin.

FAIFAN DA BA SHI DA FUSKA

Sai mun san faifan kansa sannan labarin zai zauna mana. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifan garmaho mai faɗin inci 7, wanda ke juyawa sau 45 a minti ɗaya. Waƙa ɗaya ce a gabansa, ɗaya a bayansa, kowace ba ta cika wuce minti uku ba. Kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba, don haka 'yar makaranta kan iya sayensa da kuɗin tara. Buga shi ma ba ya cin jari mai yawa. Mutum kan buɗe kamfani a ɗaki ɗaya, ya kama hayar situdiyo na 'yan awoyi, ya buga 'yan ɗaruruwan kwafi, ya zauna jiran sa'a.

Akasari faifan kan zo ne cikin ambulan na takarda marar hoto. A tsakiyarsa akwai zagayayyiyar takarda da aka manna, mai ɗauke da sunan kamfani da manyan baƙaƙe, sai sunan waƙa, a ƙarƙashinsa sunan marubucinta da ƙananan baƙaƙe, sai sunan ƙungiya da lambar faifai, wani lokacin har da sunan furodusa. Sunan yarinyar da ta ja waƙar, da na 'yan amshinta, da wuya a gan su a wurin. Mai saye ya san murya, bai san mai ita ba. Daga wannan 'yar takarda duk rikicin da za mu ba da labari ya samo asali.

'YAN MAKARANTA A SAMAN JADAWALI

Yawancin 'yan matan nan baƙaƙen fata ne, 'ya'yan talakawa, kuma suna sakandare aka ɗauke su. The Chantels, 'yan unguwar Bronx a birnin Niyok, sun koyi haɗa murya ne a makaranta, kuma a ƙarshen 1957 suka fito da waƙar da ta buɗe wa na bayansu ƙofa. The Shirelles, daga garin Passaic, wata ƙawarsu ta aji ce ta kai su wurin mahaifiyarta Florence Greenberg, matar aure da ta kafa kamfanin Scepter. A Janairun 1961 waƙarsu “Will You Love Me Tomorrow” ta hau mataki na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard, wanda ke jera waƙoƙi 100 mafiya kasuwa a kowane mako. Kafin shekarar ta ƙare, The Marvelettes suka kawo wa kamfanin Motown na Detroit matakin ɗaya na farko da ya taɓa samu a wannan jadawali.

Su wa ke rubuta musu waƙoƙin? Matasa ne kamarsu, waɗanda ke zuwa aiki kullum a wasu benaye biyu na titin Broadway, mai lamba 1619 da ake kira Brill Building, da mai lamba 1650. Kowane ƙaramin ɗaki da fiyano ɗaya da kujera, ana rubutu ana jin kiɗan maƙwabci ta bango. Carole King tana da shekara 18 lokacin da ita da mijinta Gerry Goffin suka rubuta wa Shirelles waccan waƙa. Ellie Greenwich da Jeff Barry, da Cynthia Weil da Barry Mann, duk a nan suka yi suna. Su dai marubutan sun yi dace ta fuska ɗaya: sunansu na kan faifai, kuma a dokar Amurka gidan rediyo kan biya marubuci da kamfanin da ke riƙe da waƙarsa idan ya sa ta. Wadda ta rera ba ta da ko sisi a wannan kuɗi.

SUNA NA KAMFANI NE

A 1962 furodusa Phil Spector ya sami wata waƙa mai suna “He's a Rebel”, ya kuma ji cewa wani kamfani na shirin fitar da ita da muryar wata mawaƙiya. Ƙungiyarsa, The Crystals, tana can gabashin ƙasar, shi kuwa yana Los Angeles. Bai jira su ba. Ya kira Darlene Love da abokan aikinta The Blossoms, waɗanda sana'arsu amshi ce a situdiyo, suka rera, ya buga faifai da sunan Crystals. A Nuwamban shekarar waƙar ta kai mataki na ɗaya. 'Yan Crystals a rediyo suka ji an ambaci sunansu a kan muryar da ba tasu ba, dole kuma suka koyi waƙar don su riƙa rera ta a dandali. Darlene Love ta karɓi kuɗin aikinta na lokaci ɗaya, sunan ya tafi ga wasu.

Irin wannan ya zama ruwan dare. The Cookies sun fito a fayafayai da sunan Cinderellas, da Palisades, da Honey Bees. The Chiffons sun fito da sunan Four Pennies. Ƙungiyar The Raindrops kuwa a situdiyo mutum biyu ne kacal, Ellie Greenwich da Jeff Barry: ita ce ke ɗora muryarta a kan muryarta har a ji kamar mata da yawa ne, sai aka sa ƙanwarta a hoto don a cika ƙungiya.

Batun kuɗi ya fi wannan ciwo. 'Yan Shirelles an ce musu ana ajiye musu kasonsu har su kai shekara 21. Da suka kai, suka tarar babu ajiyar. The Ronettes sun kai Spector kotu a 1988 kan kason cinikinsu, aka shafe fiye da shekara goma ana tafka shari'a. Sunan Marvelettes ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa, aka riƙa yawo da wasu mata daban ana wasa da shi, masu sunan na gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗannan fa su ne waɗanda suka yi tashe. To ina ga waɗanda ko jadawalin ba su leƙa ba?

WAƊANDA SUKA YI KWANTAI

Mu ɗauki The Donays, wasu 'yan makaranta daga yankin Detroit. Faifai ɗaya tak suka yi, a 1962, bai kuma yi kasuwa ba. Kwafinsa ya isa wani shagon fayafayai a Libaful, shagon iyalan Brian Epstein, manajan The Beatles. Samarin suka ji waƙar “Devil in His Heart”, suka juya ta zuwa bakin namiji, suka sa ta a babban faifansu na biyu a 1963. Miliyoyin mutane sun san waƙar, kaɗan ne suka san akwai wasu 'yan mata da suka riga rera ta.

Ko mu ɗauki Evie Sands ta unguwar Brooklyn. A 1965, kafin faifanta na “Take Me for a Little While” ya shiga kasuwa sosai, aka sace kwafin gwaji aka kai wani kamfani a Chicago, wata mawaƙiya ta rera, aka riga ta zuwa gidajen rediyo. A 1967 ta fara rera “Angel of the Morning”, rediyo ya karɓa, sai kamfanin Cameo-Parkway da ya buga ya durƙushe, babu mai kai faifan shaguna. Shekara na zagayowa Merrilee Rush ta rera waƙar, ta yi tashe da ita.

Daga wajen 1966 wani salo ya taso kusa da wannan, wanda za mu kira tattausar waƙa: muryoyi huɗu ko biyar da aka saƙa da juna, sarewa da kayan kiɗa masu tsirkiya, babu ihu babu hargowa. Kaɗan daga masu yinsa sun yi kasuwa, da yawa sun faɗi. The Free Design, 'yan gida ɗaya ne masu sunan Dedrick, sun yi manyan fayafayai bakwai daga 1967, babu waƙarsu ko ɗaya da ta shiga cikin 100 na Billboard. Margo Guryan ta fitar da faifanta ɗaya tilo, “Take a Picture”, a 1968. Ta ƙi yarda ta bar gida ta shiga yawon wasa gari-gari, kamfani ya janye hannunsa daga talla, ta koma koyar da yara fiyano. Wendy da Bonnie Flower, ya da ƙanwa da ba su kai shekara 20 ba, sun yi faifai a 1969, ba a jima ba kamfaninsu Skye ya karye.

Da aka zo rubuta tarihin kiɗan, sai aka ƙara binne su. Daga 1967, lokacin da aka kafa mujallar Rolling Stone, masu sharhi suka fi girmama mawaƙin da ke rubuta waƙarsa da kansa, yana kaɗa jita, yana fitar da babban faifai. Waƙar 'yan mata aka ɗauke ta abin yara, tattausar waƙa kuma aka ce ta dattawa ce. Aka riƙa maimaita cewa zuwan Beatles Amurka a Fabrairun 1964 shi ya share ƙungiyoyin 'yan mata. Jadawalin kansa bai yarda da haka ba. A cikin 1964 ɗin The Dixie Cups da The Shangri-Las duk sun hau mataki na ɗaya, The Supremes kuma sun hau sau 12 tsakanin 1964 da 1969. Su Beatles ɗin ma, a manyan fayafayansu biyu na 1963, waƙoƙi biyar na ƙungiyoyin 'yan matan Amurka suka ara.

FARAUTA

Ceto ya fara ne daga inda ba a zata ba, wato garuruwan masana'antu na arewacin Ingila. A ƙarshen shekarun 1960 matasan leburori na can suka kamu da son kiɗan baƙaƙen fatar Amurka mai saurin bugu, suna kwana rawa a wurare irin su Twisted Wheel na Mancesta, daga baya kuma Wigan Casino, wanda ya yi zamani daga 1973 zuwa 1981. Wani mai shagon fayafayai a Landan, Dave Godin, shi ya raɗa wa harkar suna Northern Soul. A wurinsu darajar faifai na cikin ƙarancinsa. Mai sa kiɗa da ke da waƙar da babu mai ita shi ke cika zaure. Sai dillalai suka riƙa hawa jirgi zuwa Amurka, suna shiga rumbunan da aka jibge kwantai, suna saye a kan 'yan kwabbai.

Ta haka aka tono faifan Gloria Jones mai ɗauke da “Tainted Love”, waƙar da aka sa a bayan faifai a 1965 ba wanda ya kula. Richard Searling ya sayo kwafi a Amurka a 1973, zaurukan rawa suka ɗauka, a 1981 kuma ƙungiyar Soft Cell ta sake rera ta har ta kai mataki na ɗaya a Birtaniya. Amma harkar ba ta rasa nata aibin ba. Don kada abokin gasa ya gano faifai, masu sa kiɗa kan liƙe takardar tsakiya su rubuta sunan ƙarya. Yarinyar da kamfani ya ɓoye sunanta a Amurka, sai ga masoyanta sun sake ɓoye shi a Ingila.

Akwai kuma wani rukunin masu tarawa da ba rawa ta dame su ba, su ɗin masu bin diddigi ne. Su suka mai da karanta faifai ilimi. Sukan duba lambar da aka zana a santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda, su gane masana'antar da ta buga shi da kusan lokacin. Sun san kwafin da aka raba wa gidajen rediyo kyauta, wanda a waƙar da ta faɗi kan fi na sayarwa yawa. Sun san ƙaramin ramin da ake hudawa a faifai alama ce ta kayan da aka karyar da farashinsu. Sun san cewa wasu masana'antun Amurka sun yi amfani da wata roba mai gautsi wadda allura ke cinyewa da wuri, shi ya sa samun mai tsabtar sauti ke da wuya. Idan suka ga sunan marubuci ɗaya da mai tsara kiɗa ɗaya a fayafayan ƙungiyoyi uku, sai su saurara da kyau, su gwada murya da murya, sannan su nemi matan da kansu ta wasiƙa ko waya su tambaye su. Ta irin wannan hanya ake tabbatar da wa ya rera me.

Sakamakon binciken ya fara fita a ƙananan mujallu da ake bugawa da hannu ana aikawa ta gidan waya. A 1982 Alan Betrock, wanda shi ma mai tara faifai ne, ya wallafa littafi sukutum a kan ƙungiyoyin 'yan mata. Kamfanin Ace na Landan ya fara jerin fayafayan sidi mai suna “Where the Girls Are” a 1997, kowane da ɗan littafi mai bayanin ƙungiya bayan ƙungiya, aikin masu bincike irin su Mick Patrick. A 2005 kamfanin Rhino ya tattara waƙoƙi 120 a sidi huɗu, cikin akwati mai siffar na ajiye hular mata, kuma da gangan aka fi cika shi da waɗanda ba su yi tashe ba.

ABIN DA JAFAN TA TONO

Ita kuwa tattausar waƙa, Jafanawa ne suka fi kowa tono ta. A 1987 aka sake buga faifan Roger Nichols da ƙungiyarsa Small Circle of Friends a sidi a Jafan, faifan da ya faɗi a Amurka a 1968. Unguwar Shibuya ta Tokiyo ta cika da shagunan tsofaffin fayafayai, matasan mawaƙa irin su Pizzicato Five da Cornelius suka riƙa gina sabon kiɗansu a kan abin da suka tsinto a can. A 1996 mujallar Vanda ta fitar da littafin jagora da ya jera masu wannan salo ɗaya bayan ɗaya, dillalai suka bi shi suna kwaso fayafayai daga Amurka.

Margo Guryan tana koyar da fiyano a Los Angeles labari ya iske ta cewa faifanta na yawo a Jafan. A 2000 aka sake buga shi bisa ƙa'ida a Jafan da Amurka da Sifen, shekara 32 bayan fitowarsa, ta kuma rayu har 2021 tana ganin sababbin masu sauraro. The Free Design sun sake haɗuwa sun yi sabon faifai a 2001. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Sundazed ya dawo da faifan Wendy da Bonnie kasuwa.

WA YA CI RIBA?

Kada mu ɗauka aikin sha'awa ce kawai. Tef na asali, wanda daga shi ake buga kowane kwafi, abu ne mai lalacewa. Ƙananan kamfanoni da suka karye sun watsar da nasu. Manyan ma ba su tsira ba: gobara ta cinye rumbun kamfanin Atlantic a jihar New Jersey a 1978, wata kuma ta tashi a harabar Universal a Los Angeles ranar 1 ga Yuni, 2008, wadda sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa cewa ta laƙume ɗimbin tef na asali, duk da kamfanin ya musanta girman asarar. Inda tef ya salwanta, kwafin da ke akwatin mai tarawa shi ne abin da ya rage, kuma daga shi ake ɗaukar sauti a sake bugawa.

Sai dai dole mu faɗi ɗaya ɓangaren. A 2009 an sayar da kwafi ɗaya na wani faifan Motown na mawaƙi Frank Wilson a kan fam 25,742. A irin wannan ciniki kuɗi daga hannun mai saye yake zuwa hannun mai sayarwa, mai murya ba ya ciki. Idan wata ƙungiya ta sake rera tsohuwar waƙa ta yi kasuwa, marubuci ne ke samun kaso, wadda ta fara rerawa sai dai ta ji a rediyo. Wasu masu tarawa ma sun buga fayafayan jabu ba da izinin kowa ba. Abin da ya taɓa rayuwar matan shi ne bugun da aka yi bisa yarjejeniya, da sunayensu da aka rubuta daidai, da gayyatar da ta dawo da su dandali. Sauran haƙƙin kuwa da kansu suka ƙwato. Mary Wilson ta Supremes ta yi ta zarya majalisun jihohi har da yawansu suka kafa dokar hana wasa da sunan ƙungiya ba tare da 'yan asalinta ba. A 2018 Amurka ta yi dokar da ta tilasta biyan mawaƙa idan aka sa waƙoƙinsu na kafin 1972 a rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam.

Darlene Love, wadda muryarta ta hau mataki na ɗaya da sunan wasu, ta kai lokacin da take aikin shara da goge-goge a gidajen masu kuɗi. Ta koma waƙa, ta yi nasara a kan Spector a kotu a 1997, aka shigar da ita zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2011, fim ɗin da aka yi kan rayuwar 'yan amshi irinta kuma ya ci kyautar Oscar a 2014. Tata ta yi kyau. Akwai ɗaruruwan da faifai ɗaya kawai suka bari, suka koma aikin asibiti, ko ofis, ko renon 'ya'ya.

Jadawalin Billboard ya adana mana abin da aka saya a kowane mako, kuma ya yi aikinsa. Wanda ya rera, da wanda aka cuta, da dalilin da waƙa mai kyau ta faɗi, waɗannan sai da wasu suka zauna da ƙananan baƙaƙen da ke kan takarda, suka gwada lamba da lamba, suka nemi masu abin tun suna da rai suka tambaye su. Yau idan muka nemi waƙar Donays za mu same ta, har mu ga sunan Yvonne Allen, wadda ta ja ta. A 1962 wannan sunan ba ya kan faifan.